Kwamfuta ba Windows, ga kati ga MP3: yadda ake tura waƙoƙi ba tare da asara ba

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, tura waƙa sana'a ce da ta daɗe da zama da gindinta. Mutum ya kawo katin memuwar, ko kile, ko ƙaramin MP3, a zuba masa waƙoƙi, ko karatun Alƙur'ani, ko tafsirin azumi, ya biya ya kama gabansa. Hanyar ba ƙarama ba ce. Mawaƙin gita Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, kuma waƙoƙin sun zagaye Sahel ne daga kati zuwa kati, daga salula zuwa salula, kafin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sa ɗaya daga cikinsu a wani faifan tarin waƙoƙi a 2011. Ga mutane da yawa, katin da bai kai farcen yatsa ba shi ne ma'ajiyar duk abin da suke saurare, kuma ba su da kwafinsa a ko'ina.

Kusan duk masu wannan aiki a kan Windows suka koye shi, har hannu ya saba. Ranar da suka tarar da wata babbar manhaja daban a kan kwamfuta, gwanin jiya sai ya koma ɗan koyo: kati ya ƙi fitowa inda aka saba ganinsa, ko waƙoƙi su shiga amma su ƙi tashi, ko a shafe tarin shekaru cikin daƙiƙa biyar. Galibi laifin ba na kwamfutar ba ne, ba kuma na na'urar ba. Kowace na'ura da irin hanyar da take karɓar kaya, kuma wanda ya gane hanyar tun kafin ya taɓa komai ya rabu da mafi yawan wahala.

Me ya kawo Linux teburin mai tura waƙa?

Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, sauran manhajoji su zauna a kanta. Windows ta kamfanin Microsoft ce, macOS ta kamfanin Apple. Linux kuwa wani ɗalibi ne ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, kuma kyauta ake raba shi. Yana zuwa da sunaye iri-iri. Wanda aka fi cin karo da shi shi ne Ubuntu, da ya fara fitowa a watan Oktoba na 2004. Akwai Linux Mint, akwai Debian, akwai kuma Emmabuntüs, wanda wasu ƴan sa kai a Faransa suka tsara domin farfaɗo da tsoffin kwamfutocin da ake bai wa ƙungiyoyin agaji.

Dalilan haɗuwa da shi suna da yawa. Kamfanoni irin su Dell da Lenovo suna sayar da wasu kwamfutocinsu da Ubuntu a ciki tun daga masana'anta. Masu gyara sukan sa shi a kan tsohuwar kwamfutar da Windows ta yi wa nauyi. Sannan Microsoft ya tsayar da sabunta tsaron Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali Windows 11 ba ta yarda da tsoffin kwamfutoci da yawa. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Abu na farko da ke rikita sabon shiga shi ne rashin haruffan da aka saba da su. A Windows, kati yakan fito da harafi, E ko F. A Linux babu wannan. Katin yakan bayyana da sunansa a gefen hagu na manhajar duba fayiloli, wadda a Ubuntu mai Faransanci ake kira «Fichiers». Can ne ake shiga, kuma daga nan kwafa da liƙawa duk ɗaya ne da yadda aka sani.

Rumbu, kanti da sito mai magatakarda

Na'urorin sauraro kashi uku ne ta fuskar yadda suke hulɗa da kwamfuta.

Kashi na farko kamar rumbu yake: a buɗe a zuba, a buɗe a ɗiba. Nan katin memuwar yake, da kile, da yawancin ƙananan MP3 na kasuwa, da rediyoyi da lasifikoki masu ramin kati. Kwamfuta na ganin cikinsu kai tsaye, ba sa buƙatar wata manhaja ta musamman.

Kashi na biyu kamar kanti yake: mai saye ba ya shiga ciki, sai dai ya faɗi abin da yake so a miƙo masa ta kan tebur. Haka wayoyin Android suke, da wasu MP3 na manyan kamfanoni. Hanyar ana kiranta MTP.

Kashi na uku kamar sito ne mai magatakarda: ko an shigar da buhu, muddin ba a rubuta shi a rajista ba, a wurin mai sito babu shi. Wannan shi ne iPod na kamfanin Apple.

Gane kashin da na'ura ta faɗa ba wuya. In an soka ta, ta fito da girmanta kamar kile, ta farko ce. In ta fito da hoton waya, sai kuma an buɗe makullin fuskarta kafin a ga cikinta, ta biyu ce. In an ga dosiye mai suna iPod_Control, ta uku ce. In kuwa ba ta fito ba sam, igiya ce abin zargi na farko. Igiyar USB ta gaskiya wayoyi huɗu ne a cikinta, biyu na wuta, biyu na saƙo, amma akwai igiyoyin caji da aka yi su da na wutar kawai. Irin wannan za ta cika batir sarai, kwamfuta kuwa ba za ta taɓa sanin an soka wani abu ba. Mai son tabbatarwa ya buɗe baƙar tagar da ake kira Terminal ya rubuta lsusb kafin sokawa da bayan sokawa. In ba a sami ƙarin layi ba, a sake igiya ko rami.

Kati da kile: a kula da kalmar formate

Kafin kati ya ɗauki fayil sai an tsara cikinsa, kamar yadda ake yanka fili gida-gida a ba kowane lamba. Tsarin da kusan kowace ƙaramar na'ura ke ganewa shi ne FAT32. Katunan da suka kai giga 32 zuwa ƙasa da shi suke fitowa daga masana'anta. Waɗanda suka wuce haka, irin su giga 64 da 128, da wani tsari suke zuwa mai suna exFAT. Linux yana karanta exFAT ba matsala tun da aka shigar da shi cikin zuciyar manhajar a 2019, amma tsoffin rediyoyi da MP3 da yawa ba su san shi ba. Shi ya sa wani kan sayi babban kati, kwamfuta ta karɓa, waya ta karɓa, rediyon gida kuwa ya yi shiru kamar ba a sa masa komai ba.

Maganin shi ne a mayar da katin FAT32, kuma a nan Linux ya fi sauƙi. Tagar formate ta Windows ta daɗe ba ta ba da zaɓin FAT32 ga abin da ya wuce giga 32, amma manhajar «Disques» ta Ubuntu ko GParted suna yi. Sai dai akwai tarko biyu. Na farko, cikin zaɓuɓɓukan akwai Ext4, wanda tsarin Linux ne na kansa. Wanda ya zaɓe shi, katin zai yi aiki a kwamfutar kawai, rediyo da MP3 da Windows duk za su ƙi shi. A zaɓi wanda aka rubuta FAT a jikinsa. Na biyu ya fi haɗari: manhajar tana nuna duk ma'ajiyar da ke jikin kwamfuta, har da babbar ta ciki. A duba girma da suna sau biyu kafin a danna, domin formate ba ya tambayar niyya.

Formate na share duk abin da ke kan kati, don haka sai an kwashe kayan zuwa kwamfuta tukuna. FAT32 yana da iyaka guda: fayil ɗaya ba ya kaiwa giga 4. Ga waƙa da karatu wannan ba damuwa ba ce, sai ga dogon fim. Wasu na'urorin kuma suna da iyakar girman katin da suke ɗauka ko da an tsara shi daidai, shi ya sa kati matsakaici ya fi zama lafiya da tsohon rediyo.

Wayar Android: sai an ba ta izini

Microsoft ne ya ƙirƙiro MTP a 2004, aka mayar da shi ƙa'idar USB ta kowa a 2008, Android kuma ta koma kansa tun wajen 2011. Amfaninsa shi ne waya tana ci gaba da aiki da ma'ajiyarta yayin da kwamfuta ke aika mata kaya, ita ce kuma ke riƙe da iko.

Wayoyin yanzu in an soka su caji kawai suke yi. Sai an buɗe makullin fuska, an jawo sanarwa daga sama, an zaɓi tura fayiloli, wato «Transfert de fichiers». Wanda bai yi haka ba zai ga sunan wayar a kwamfuta, ya shiga ya tarar wayam. Ubuntu da Linux Mint suna zuwa da abin da ke karanta MTP tun farko. A kan Linux ɗin da aka rage wa kaya domin tsohuwar kwamfuta, wataƙila sai an ƙara ƙunshin da ake kira gvfs-backends. Mai kwamfutar Apple kuwa, macOS ba ta buɗe ma'ajiyar Android da kanta, sai an sa manhaja irin OpenMTP.

MTP aiki ɗaya yake yi a lokaci ɗaya. In ana cikin kwafa aka buɗe wata taga ana leƙen hotuna, ko aka bar manhajoji biyu suna neman wayar tare, aikin na iya tsayawa cak. Dosiye mai ɗaruruwan fayiloli ya fi kyau a raba shi kashi-kashi. Waƙoƙi a zuba su a dosiyen Music, can manhajojin sauraro ke fara dubawa. In wayar tana da katin memuwar kuma kayan suna da yawa, hanya mafi sauri ita ce a kashe wayar, a cire katin, a sa shi a abin karanta kati, sai ya koma kashi na farko. Amma wannan ba ya yiwuwa in an riga an haɗe katin da ma'ajiyar cikin wayar, domin a lokacin Android ta kulle shi da sirri, wayar nan kaɗai ke iya karanta shi.

iPod: waƙar da ba ta cikin rajista

Apple ya fitar da iPod na farko ranar 23 ga Oktoba 2001 da ma'ajiyar giga 5, ya daina ƙera iPod classic a 2014, ya rufe babin iPod gaba ɗaya a watan Mayu na 2022. Duk da haka na hannu suna nan suna yawo cikin kayan da ake kawowa daga Turai da Amurka. Manhajar da aka yi domin cika shi, iTunes, ba a taɓa fitar da ita domin Linux ba.

Tsohon iPod yakan fito a kwamfuta kamar kile, kuma nan ne ake ruɗuwa. Mutum ya kwafa waƙoƙi ɗari, wuri ya ragu, ya zare, ya duba jerin waƙoƙi bai ga ko ɗaya ba. Dalili shi ne iPod ba ya bincika ma'ajiyarsa. Wani fayil mai suna iTunesDB yake karantawa, shi ne rajistar. Waƙoƙin kansu suna warwatse cikin ƙananan dosiye masu suna F00, F01, F02 da sauransu, an sauya musu suna zuwa haruffa huɗu marasa ma'ana.

Saboda haka sai an bi ta manhajar da ta iya rubutu a rajistar. Rhythmbox, da Ubuntu ya daɗe yana zuwa da ita, tana yi. Haka Strawberry da gtkpod. Ana shigar da waƙoƙin cikin manhajar, a jawo su zuwa sunan iPod ɗin a gefe, a jira ta gama, a fitar da shi ta cikin manhajar. A fara da waƙa guda domin gwaji. Tun 2007 Apple ya ƙara wa rajistar wani hatimi na lissafi wanda ya dogara da lambar shaidar kowace na'ura. In manhajar ba ta karanta lambar daidai ba, iPod ɗin zai nuna babu waƙa ko ɗaya, alhali suna nan ba su gushe ba. Ƙananan iPod nano na 2010 da na 2012 kuwa, hatiminsu ya fi ƙarfin waɗannan manhajoji.

Akwai wani shinge kuma. iPod ɗin da aka fara amfani da shi a kwamfutar Apple yana ɗauke da tsarin HFS+, wanda Linux ke karantawa amma yakan ƙi rubutu a kansa. Wanda aka fara da Windows yana kan FAT32, shi ne mai sauƙi. Sauya tsarin na nufin share komai. Haka nan in aka kai iPod wurin mai iTunes da ba shi ya cika shi da farko ba, manhajar na iya tambaya ko ta share abin da ke ciki ta zuba nata. Amsa e ba tare da karantawa ba ta isa ta tafi da tarin shekaru. Kafin kowane irin gwaji, a kwashe dosiyen iPod_Control sukutum zuwa kwamfuta. Sunayen fayilolin ba su da ma'ana, amma sunan waƙa da na mawaƙi suna rubuce a cikin kowane fayil, Rhythmbox za ta nuna su.

Wasu sukan sa wa tsohon iPod wata manhaja ta sa kai mai suna Rockbox, wadda ke mayar da shi rumbu, a kwafa kawai ya rera. Ba kowane samfuri take karɓa ba, kuma aiki ne na wanda hannunsa ya faɗa. Ga iPhone da iPod touch, hanya mafi sauƙi ita ce a sa musu VLC, a kunna rabawa ta Wi-Fi a cikinta, a rubuta adireshin da ta nuna a manhajar shiga intanet ta kwamfuta, a aika waƙoƙin. Na'urorin biyu su kasance kan Wi-Fi ɗaya, kuma a cikin VLC ɗin za a riƙa sauraro.

Ta shiga amma ba ta tashi

Ba duk fayil mai sauti ne MP3 ba. Saƙon murya na WhatsApp, wanda ta cikinsa wa'azi da karatu ke yawo sosai, yana zuwa ne da tsarin Opus. Abin da ya fito daga na'urorin Apple galibi m4a ne. Waƙoƙin fina-finan Hausa sau da yawa bidiyo ne, mp4. Wasu manhajojin Linux kuma in sun kwashe faifan CD sukan ajiye shi a Ogg ko FLAC. Kwamfuta mai VLC za ta rera duk waɗannan, har mai turawa ya ɗauka komai lafiya lau, amma ƙaramin rediyo ya tsallake su. MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta jagoranci ƙirƙirarsa aka kuma tabbatar da ƙa'idarsa a 1993, shi ne wanda kusan babu na'urar da ke ƙi.

Sauya ƙarshen sunan fayil daga opus zuwa mp3 ba ya sauya abin da ke ciki, kamar a rubuta gero ne a jikin buhun dawa. Sai an juya shi da manhaja. SoundConverter tana juya ɗaruruwan fayiloli a zama ɗaya, tana kuma zare sauti daga bidiyo. VLC ma tana yi. Juyawa ba ta ƙara wa sauti kyau, don haka a ajiye na asali, a juya kwafi.

Lissafin wuri mai sauƙi ne. MP3 mai ƙarfin 128 yana cin kusan mega 1 a minti, wato kusan mega 58 a awa. Katin giga 8 zai ɗauki wajen waƙoƙi 2,000 masu minti huɗu-huɗu. Magana zalla ba ta buƙatar wannan ƙarfi, 64 ya wadatar. Tafsirin awa ɗaya a rana har kwana 30 a wannan ƙarfi bai kai giga 1 ba.

Suna da jeri

Linux ya yarda a sa alamar tambaya, ko ɗigo biyu, ko tauraro a sunan fayil. FAT32 bai yarda ba. In kwafa ta tsaya a tsakiya da saƙon kuskure, a duba sunan fayil ɗin da ta tsaya a kansa. Haruffa masu ƙugiya, ɗ da ƙ da ɓ da ƴ, kati yana ɗaukarsu, amma ƙaramar fuskar MP3 takan nuna su a matsayin akwatuna. Sunan da na'ura ke nunawa kuma sau da yawa ba na fayil ba ne, wanda aka rubuta a cikinsa ne. Manhajar EasyTAG tana gyara wannan, har a goge tallan shafukan intanet da ke manne da waƙoƙi da yawa.

Jeri ya fi muhimmanci ga mai karatun Alƙur'ani da darasi. A sa lamba mai gurbi uku a farkon suna, 001, 002, har 114, domin in an rubuta 1, 2, 10, na'ura na iya kawo 10 kafin 2. Wasu rediyoyin ma ba sa duba suna, suna bin jerin da fayilolin suka shiga kati ne, kuma kwamfuta ba lallai ta kwafa su bi da bi ba. Ƙaramar manhaja mai suna fatsort tana gyara wannan jeri a kan katin kansa.

Zare kati da kwandon shara

Sauri ya haifi nawa. Linux yakan riƙe abin da ake kwafa a ƙwaƙwalwarsa ya riƙa sauke shi kan kati a hankali, har tagar kwafa ta rufe alhali aikin bai ƙare ba. Wanda ya fizge kati a wannan lokaci zai sami waƙoƙi guntu-guntu, wani lokaci ma tsarin katin ya lalace. A danna alamar fitarwa da ke gefen sunan katin, «Éjecter», a jira sanarwar cewa an gama. In ta daɗe, aiki take yi. Mai kwamfutar tebur da ba ta da batir ya tuna cewa ɗaukewar kuran a tsakiyar kwafa daidai take da fizge kati.

Sharewa ma da nata sirrin. Abin da aka share daga kati a Linux ba ya tafiya, yana komawa wani ɓoyayyen dosiye a kan katin mai suna .Trash-1000. Wuri ba ya ƙaruwa, kuma rediyo na iya ci gaba da rera waƙar da aka ce an share. Danna Ctrl da H yana fito da ɓoyayyun dosiye. A zubar da kwandon shara kafin a fitar da katin. Katin da ya bi ta kwamfutar Apple kuma yakan dawo da ƙananan fayiloli masu fara suna da ɗigo da layin ƙasa, waɗanda rediyo ke ƙirgawa a matsayin waƙa ya kasa rerawa. Share su ba ya taɓa waƙoƙin.

Katin jabu, birus da ceto

Araha ba ta ado. Akwai katunan da aka rubuta giga 64 a jikinsu, kwamfuta ma ta nuna 64, alhali ainihin cikinsu bai kai ko kusa ba. Na farkon zubawa suna tashi, na baya kuwa sunayensu ne kawai ke nan. Kuskure ne a ɗora laifin kan Linux. Manhajar f3 tana cika kati da gwaji ta sake karantawa, ta faɗi girmansa na gaskiya. A Windows, H2testw ke wannan aiki.

Ta fuskar birus kuwa, Linux garkuwa ne ga mai tura waƙa. Birus ɗin nan da ke ɓoye dosiye ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu domin Windows aka yi shi, ba ya tashi a Linux. In aka soka katin da ya kamu, dosiyen da suka ɓace sukan bayyana, a kwashe waƙoƙin, a bar baƙin fayiloli irin masu ƙarewa da lnk ko vbs ko exe, sannan a yi wa katin formate. Amma in aka kwafa baƙin fayilolin zuwa wani katin, cutar ta bi shi.

In ɓarna ta riga ta auku, an share ko an yi formate bisa kuskure, kada a ƙara zuba komai a katin. PhotoRec, manhajar kyauta da Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta, takan tono fayilolin da ba a riga an rubuta wani abu a kansu ba, ko da yake ba ta dawo da sunayensu. Abin da aka tono a kwamfuta ake ajiye shi, ba a kan katin ba.

Akwai kuma waƙoƙin da ba za su taɓa kwafuwa ba. Abin da aka sauke cikin Spotify ko Apple Music domin sauraro ba intanet a kulle yake, cikin manhajarsa kawai yake tashi. Wannan na tuna wa masu sana'ar cewa waƙa tana da mai ita. A Nijar hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin mawaƙa da marubuta, kuma ita ce wurin tambaya ga duk mai sayar da kwafin aikin wani.

Abin da ya rage shi ne ɗabi'a. Katin da aka miƙo amana ce, kuma mai shi sau da yawa bai san cewa shi kaɗai ne kwafin da yake da shi ba. Dosiye guda a kwamfuta da za a fara juye kayan mutum a ciki kafin a taɓa katinsa, sannan a share bayan ya gwada ya gamsu, mintoci kaɗan yake ci. Ko Windows ce, ko Ubuntu, ko wata da ba a taɓa gani ba, rigakafi ya fi magani.